Ƙafar Gwaggo

Ranar Alhamis ba ta taɓa zama tawa ba. Tun ina budurwa har yau da nake da jikoki, da an yi azahar nake rufe rumfata ta turaren wuta a kasuwar Gran Marshe, in bar ciniki daidai lokacin da ya fara daɗi, in je in matsu a cikin motar unguwar Digel tsakanin buhun albasa da gwiwar wani. Can gidan Gwaggo ake taruwa. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta kafa ƙungiyarmu ta mata masu bege, kuma ita ta yi ta jan ta tun kafin a haifi rabin waɗanda ke cikinta yanzu. Tana ba da waƙa, muna amshi. Kowa Inna yake ce mata, ni kaɗai ce mai cewa Gwaggo, kuma wannan kusancin bai taɓa jawo mini komai ba sai shimfiɗa tabarmi da wanke kofunan shayi.

Mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Njamena, suka ce bari su huta damina ɗaya. Har yanzu hutawar ake yi. Wataƙila shi ya sa babban aikin ƙungiyarmu ya zama rakiyar masu tafiya aikin hajji da tarbarsu in sun dawo, sai suna da walima in an kira mu. Gwaggo ita kanta Allah bai kira ta ba. Ta raka na rakawa, ta tarbi na tarba, ta ci dabinon kowa, amma iyakar tafiyarta gabas ita ce ƙarshen unguwa. Akwai wata doguwar waƙa da ta tsara da bakinta a kan mutanen da suka kama hanya ba su isa ba, muna ce mata waƙar hanya, da ita muke rufe kowane taro.

Lokacin da ta fara tara mata, mazan unguwa ba su so ba. Gida gida ta bi tana yi musu alkawari: ba kiɗa, ba tafi, ba rangaji, murya ce kawai. Da haka suka bar matansu suka fito. Mazan nan yawancinsu sun daɗe a ƙasa, amma alkawarin yana nan da ransa, don Gwaggo ba ta san a sassauta ba. Yarinyar da daɗin waƙa ya ɗebe ta ta tafa hannu sau ɗaya, kallon da za ta samu ya ishe ta har ta yi aure.

To amma duk wanda ya taɓa waƙar taro ya san ba ta tafiya sai da abin da zai haɗa numfashin mutane. Mata cike da tsakar gida, kowa da tsawon numfashinta, in babu ganga babu tafi, da me za a san inda za a shiga da inda za a tsaya? Mu abin da muke da shi shi ne babban yatsan ƙafar Gwaggo ta dama. Kullum a miƙe take zama a kan tabarma, ƙafafunta a gaba, bayanta a jikin bango. Da ta buɗe baki sai yatsan nan ya fara ɗagawa yana sauka, bai taɓa yin gaba ba, bai taɓa yin baya ba. Ban san wadda ta fara lura da shi ba, na dai taso na tarar ana bin sa. Duk sabuwar da ta shigo, wata za ta ja ta gefen randa ta raɗa mata, "Ki rabu da bakinta, ƙafarta ta dama za ki riƙa kallo." Ni ma haka aka yi mini, ni ma haka na yi wa wasu.

Ita kuwa babu wadda ta taɓa faɗa mata. Wa zai dubi babba ya ce mata ƙafarki muke kallo? Abin da take gani daga inda take zaune shi ne kawunan mata a sunkuye, ido a ƙasa, sai ta ɗauka kunya ce da ladabin yabon Ma'aiki. Da wannan take taƙama a duk inda muka je. "Ku dubi 'ya'yana," in ji ta, "ko ɗaya ba ta ɗaga ido. Haka ake bege, ba irin na zamani ba." Mu kuma sai mu ƙara sunkuyar da kai, don dariya kada ta tona mu.

Tsufa bai zo mata da sallama ba. Numfashi ya fara gajarta, kunne ya yi nauyi. Wata Alhamis bayan damina tana tsakiyar waƙar hanya sai muryar ta tsinke, ta sake ɗauka ta sake tsinkewa. Ta dubi bango ta ce, "Kalas, shi ke nan. Na sauke." Muka yi ta ba ta baki, ta ce ba shawara take nema ba.

Kowa ya zaci ni za ta ba, tunda ni ce jininta. Ni kuwa addu'a nake yi Allah ya kau da idonta daga kaina, don na san muryata. Muryar amshi ce, a cikin taro tana da amfani, ita kaɗai kuwa ko akuya ba za ta tsayar ba. Allah ya karɓi addu'ata. Gwaggo ta zaɓi wata yarinya da muke ce wa Bakanuwa, matar wani mai sayar da kayan gini a kasuwa, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, ko cinikin tumatir ba ta iya da Larabci ba tukuna. Amma murya kam Allah ya ba ta, in ta ɗaga har bayan layi ana ji. Tsofaffinmu suka fara gunaguni wai baƙuwa ce. Gwaggo ta ce, "Wace ce a cikinku ta tsiro a nan kamar gawo? Dukanmu da ƙafa muka zo." Maganar ta mutu a nan. Aka yi ɗan biki, ta cire farar lafayarta ta waƙa ta yafa wa Bakanuwa, ta nuna mata wurin zamanta na jikin bango, aka yi addu'a aka sha kuka. A raina na ce to, yanzu ko ni ma na samu in huta.

Ban huta ba. Taron ya ci gaba a gidan Gwaggo, don babu wadda ta iya buɗe baki ta ce a canza wuri. Ita kuma ta koma ƙofar ɗakinta ta shimfiɗa 'yar tabarma, ta jingina, ta miƙe ƙafafu. Bakanuwa a tanƙwashe take zama, kanta a sama, tana nuna tafiyar waƙa da ɗan yatsanta na hannu yadda ta koya a Islamiyya. Mu kuwa idonmu ya riga ya san hanyarsa. Da an fara sai ka ga kawuna sun karkata wajen ƙofar ɗaki.

Da farko abin bai nuna ba, don yatsan hannu da na ƙafa tare suke tafiya. Amma kunnen Gwaggo kullum ƙara nauyi yake yi, har ya kai ba ta jin abin da muke rerawa sai dai ta ga bakuna na motsi. Ƙafar ba ta daina ba. Sai dai yanzu waƙar da ke cikin kanta take bi, a hankali, irin tafiyar tsohuwa, wani lokacin ma wata waƙar ce daban ba wadda ake yi ba. Bakanuwa sai ta kai ƙarshen baiti ta tsaya tana jiran mu kamar mai jiran mota a bakin titi, mu kuma muna can baya muna jan ƙafa. Rannan haƙurinta ya ƙare ta ce, "Don Allah iyayena, ku riƙa kallona mana." Mata suka ɗaga kai. Daga ƙofar ɗaki sai muka ji, "Wace ce ke zare ido a cikin yabon Ma'aiki?" Kawuna suka koma ƙasa gaba ɗaya. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to mu da ba mu da kiɗan balle rawar, sai muka tsaya a tsakiya.

Haka muka yi ta lallaɓawa har alhazai suka dawo. Wani ɗan kasuwa a unguwar Milezi, cikin waɗanda suka zo daga Najeriya kwanan nan, ya gayyace mu tarbar mahaifiyarsa. Don girmamawa har mota ya aiko a ɗauko Inna, ya kuma yi hayar lasifika aka kafa a ƙofar gida. Aka zaunar da Gwaggo a gaba kusa da Hajiyar, ta miƙe ƙafafunta a kan kafet inda kowa ke gani. Waƙoƙin farko mun ɗan rufa wa kanmu asiri. Da aka zo waƙar hanya sai abin ya rabe biyu. 'Yan matan suka bi hannun Bakanuwa, tsofaffi suka bi ƙafar Gwaggo, waɗancan suna ƙare amshi waɗannan suna farawa. Ni ina tsakiya, na buɗe baki na rasa wa zan bi. Lasifikar nan kuwa ba ta rage komai ba, duk ta kwashe ta watsa wa unguwa. Wata maƙwabciya ta matso ta tambaye ni da Larabci, da zuciya ɗaya, ko ƙungiya biyu aka gayyato. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na yi fatan wutar lantarki ta ɗauke, ita da ba a roƙonta ta ɗauke, amma ranar ta ƙi.

A mota Bakanuwa ta juya fuska tana share hawaye da bakin farar lafayar. Gwaggo na riƙe da ƙullin dabinonta, ta dube mu ta ce, "Zen, madalla. Yau kun yi kyau, Allah ya yi muku albarka." Muka ce amin.

Bayan kwana biyu Bakanuwa ta same ni a rumfa. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ni fa na gaji," in ji ta. "Wallahi ina ganin girman Inna kamar uwar da ta haife ni. Amma ba zan iya jan mutanen da ba sa kallona ba. Ko dai a mayar da taron gidana, ko a samu mai faɗa mata gaskiya, ko kuwa in kai mata lafayarta in ba ta haƙuri."

Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce ta sha a gida.

Na san ba barazana take yi ba. In ta tafi 'yan matan za su bi ta, mu tsofaffin da za a bari kuwa babu mai numfashin da zai kai ƙarshen baiti, ƙungiya ta mutu ke nan Gwaggo na raye tana gani. In kuma aka kwashe taron zuwa wani gida, an kwashe wa Gwaggo abin da ya rage mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, idonta bai iya karatu yanzu. Tun Talata take fara tambayar masu haya a gidan ko an kakkaɓe tabarmi. Gaba kura, baya sayaki. Da na kai wa tsofaffin ƙungiya maganar, sai duk suka zuba mini ido, ɗaya ta ce, "Ai ke ce jininta." Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru tare muke kallon ƙafar nan, tare muke ɓoye dariya, amma ranar faɗa sai aka tuna da jini.

Ranar Laraba da la'asar na je. Na sami Gwaggo a ƙofar ɗaki, ƙafafun sun kumbura kamar yadda suke yi mata lokacin zafi. Na ɗauko man kaɗanya na zauna na ɗora su a cinyata ina shafawa, ina neman ta inda zan fara. A hanya na shirya magana mai laushi, irin ta hannunka mai sanda, wadda za a faɗa ƙasa ƙasa. Na manta cewa Gwaggo ba ta jin ƙasa ƙasa. Na faɗa ta ce, "Me?" Na sake faɗa ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba ki ci abinci ba ne?" Ƙarshenta maganar da aka yi shekaru ana raɗawa a gefen randa, da ihu na faɗe ta, matan haya na tsakar gida suna tankaɗe suna ji.

"Gwaggo, ƙafarki muke bi! Yatsan nan! Shi muke kallo in ana waƙa!"

Ta dube ni, ta dubi ƙafar.

"Wace ƙafa?"

"Wannan ta dama. Yana ɗagawa yana sauka, da shi muke sanin inda za mu shiga. Yanzu kuma ba ya tafiya daidai da yarinyar, shi ya sa waƙa take rabewa. A Milezi rabewa ta yi."

"A Milezi?"

"E, Gwaggo."

Matan haya suka kwashe rariyarsu suka shige ɗaki, Allah ya saka musu.

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Ni haka na tarar."

"To sunkuyar da kan fa? Kunyar da nake faɗa wa mutane?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ce, "Akwai kunyar, Gwaggo. Amma ƙafar muke kallo."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni ina can ina fasa maƙogwaro, ina cewa muryata ce ta riƙe ku. Ashe da na yi shiru na miƙe ƙafa ma ya wadatar."

Na rantse mata ba haka ba ne, na ce muryarta ce ta tara mu, kuma gaskiya na faɗa, amma ban ga alamar ta shige ta ba. Tausayinta ya kama ni. Ta zura wa yatsan ido kamar yau ta fara ganinsa. Muna cikin haka sai ga shi ya ɗaga ya sauka a kan cinyata, ya sake ɗagawa.

"Yanzu ma yi yake yi?"

"Yana yi."

Ta ƙanƙame shi da ƙarfin hali ya tsaya. Da ta ɗauke hankalinta kaɗan sai ya ci gaba da abinsa. Ta gwada har ta gaji. Daga nan sai ta kamo hannuna mai maiƙo, matar da ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, ta ce, "Kada ku kwashe mini Alhamis, ɗiyata. Ki rufe ta da wani abu. Amma kada ku tafi."

Washegari muka gwada bargo, a cikin zafin nan da ko zane mutum ba ya son ya taɓa shi. Bai yi ba. Bargon na motsi daidai wurin yatsan, idon mata kuwa ya saba, sai suka koma kallon bargo. Aka tsaya. Na tashi daga wurina na cikin sahu, wurin da na zauna tun ina budurwa, na je ƙofar ɗaki na zauna na ba taron baya, na ɗora ƙafafun Gwaggo a cinyata, na rufe da mayafina, na kama yatsan a cikin tafin hannuna. Ita kuma ta ɗaga 'yar muryar da ta rage mata ta ce, "Ku ɗaga kai ku kalli yarinyar nan. Allah ya san masu kunya." Babu wadda ta yi dariya.

Bakanuwa ta ɗauki waƙar hanya. Amshi ya faɗo gaba ɗaya, a wuri ɗaya, yadda na daɗe ban ji ba, har tsigar jikina ta tashi. Na buɗe baki zan shiga sai na ji na makara. Na jira baiti na gaba, na sake makara. Waƙa na tafiya a kunnena da saurinta, yatsan Gwaggo na bugun tafin hannuna da nasa jinkirin, kuma jikina wanda ya fi sani yake bi. Na gwada sakin yatsan in riƙe idon sawu, bugun yana nan, ta cikin jijiya yake zuwa. Sai na rufe bakina don kada in ɓata musu.

Yanzu ƙungiya ta miƙe. An sake kiran mu Milezi, an kira mu wasu unguwannin, 'yan mata sababbi sun shigo waɗanda ba a taɓa ja gefen randa ba. In an fita waje Gwaggo ba ta zuwa, ni ma sai in ce kasuwa ta riƙe ni, don na gwada shiga sahu ba ta nan na tarar jinkirin ya zauna mini a jiki. Bakanuwa ta yi mini magana sau da yawa, ta ce a riƙa karɓa-karɓa, wata ta riƙe ƙafar wannan mako wata mako mai zuwa. Gwaggo ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa mata ƙafa ba sai ni. Ai ni ce jininta.

Ina kewar waƙa, ba zan ɓoye ba. Ita kaɗai ce abin da nake yi wanda ba ciniki ba ne ba kuma aikin gida ba. Wata Alhamis ɗin in na rufe rumfa sai in tsaya a bakin titi in bar mota ta wuce, in bar ta biyu ta wuce, ina jin gajiya tun daga wuya har tafin ƙafa. Sai in tuna tun Talata aka kakkaɓe tabarmi, in shiga ta uku.

Makon jiya ana tsakiyar waƙar hanya Gwaggo ta sunkuyo, da ƙarfi yadda kurame ke yi, ta ce, "Sun yi daidai?"

Na gyaɗa mata kai.

Ta ƙura wa fuskata ido. "To ke me ya rufe miki baki? Ba na ganin kina amshi."

Na kai bakina kusa da kunnenta na ce maƙogwarona ne ke ciwo. Ta ce in nemi citta da zuma, ta koma ta jingina ta lumshe ido. A bayana mata suka kai ƙarshen waƙa suka shafa addu'a, ana ta neman takalma. Ita ba ta kai ba tukuna, da sauran baiti a cikin hannuna, sai na zauna na jira ta ƙarasa.